Tsuntsayen da ke cikin kacala, wa ke ƙirga su?

Ɗan Baturiya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa. Na gama NCE a fannin bayoloji, aikin koyarwa bai samu ba tukuna, don haka ina tare da mahaifina a gonar shinkafa. Da sanyin da ya wuce masu ƙidayar tsuntsayen ruwa suka zo mana kamar yadda suka saba zuwa a tsakiyar Janairu, suka ce suna neman wanda ya san hanyoyin ruwa kuma yake iya rubutu. Bulamanmu ya ba da sunana. Aikina shi ne in tura kwalekwale da gwangwala, in mun isa wuri kuma in ɗauki fom in riƙa rubuta abin da mai madubin hangen nesa ya faɗa.

Aikin ya shiga raina fiye da yadda na zata. Muna idar da sallar asuba muke tashi, hannu ya ƙage don sanyi, hazo ya rufe gorubar da ke bakin fadama. Kafin ka ga komai za ka fara jin fiton kirinjijiya suna dawowa daga kiwon dare. Gari na wayewa sai ka ga ruwa ya yi baƙi da su, ga dinya a gefe, ga zalɓe a tsaye, ga waɗannan ƙananan agwagin Turai da ake rubutawa Garganey a fom, namijinsu da farin layi a saman ido. A gonakin da aka gama yankan shinkafa kuma akwai wasu masu dogon ƙafa da ke tsintar ƙwayar da ta zube, shugaban tawagarmu ya ce daga arewacin Turai da Rasha suke zuwa. Ya koya mini ƙirgar garke: ka ware goma da idonka, ka auna girman wurin da goman suka ci, ka haɗa har ɗari, sannan ka bi garken ɗari-ɗari har ƙarshe. Rana a bayanka, kada ka fuskance ta.

Ga abin da ya kawo ni. Tsakanin wannan tafki da wancan, ta cikin kacala muke bi, ta 'yar siririyar hanyar da masunta suka sara. Ciyawar ta fi tsayin mutum yana tsaye a cikin kwalekwale. Kuma cikinta cike yake da kuka, dama da hagu: wani na gurnani, wani na ƙyatƙyata, wani na amsa masa daga can ciki. Waccan 'yar baƙar kazar ruwa mai jan ƙafa takan gilma mana a guje ta shige. Babbar shuɗiyar nan mai jan goshi na san tana nan, don ga guntayen kacalar da ta ɓare ta ci farin cikin suna yawo a kan ruwa. Da na ɗaga biro zan rubuta sai shugaba ya ce in bari, abin da ido ya gani kawai ake sa wa adadi. Da aka tattara, agwagi sun kai dubbai a takarda, kajin ruwa kuwa 'yan ƙalilan ne. Ni da na tashi a wurin na san ba haka abin yake ba. Da damina in kana gona da yamma, kukansu har hana ka jin maganar na kusa da kai yake yi.

To ina tambayar masana: akwai wata hanya da duniya ta yarda da ita ta ƙirga tsuntsun da ake ji ba a gani? Kuma Janairu ma lokacinsu ne? Sannan don Allah a gaya mini gaskiya, wannan aiki na shekara-shekara yana kai mutum wani wuri, ko in mai da hankali ga neman koyarwata?

Tsohon Ma'aikacin Fadama:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, tambayarka ta mai lura ce. Na yi aikin nan a Nguru tun zamanin shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, kuma ban bar shiga ruwa ba sai da gwiwa ta ƙi.

Da farko kada ka ga laifin shugabanka. Ƙidayar Janairu an yi ta ne don wata buƙata daban. Tun 1967 ake yin ta, ƙungiyar Wetlands International ke haɗa kanta, kuma ƙasashe fiye da 100 ke fita a lokaci guda. Dalilin zaɓen tsakiyar Janairu shi ne a lokacin masu ƙaura sun zauna wuri ɗaya, ba su kan hanya, don haka agwagwar da aka ƙirga a Baturiya ba za a sake ƙirga ta a Mali ko Senegal ba. Adadin da kuka rubuta shi ake haɗawa da na bakin Tafkin Cadi da na fadamar kogin Neja a Mali, a san ko agwagin Turai na ƙaruwa ko suna raguwa. Kuma da irin wannan adadi ake kare wuri. A yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye fadamun duniya, wadda aka sa wa hannu a Iran a 1971, cikin ma'aunan da ake dubawa akwai cewa wuri ya saba tara tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani nau'i. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin fadamun Ramsar a 2000, su ne na farko a Nijeriya, Baturiyarku da Dagona kuma a 2008. In kowane mai riƙe da fom zai ƙara abin da kunnensa ya kintata, adadin bana ba zai gwadu da na bara ba. Shi ya sa ya hana ka.

Amma abin da ka gano gaskiya ne, kuma ya fi yadda ka ɗauka girma. Lokacin da muka fara, kacala ba ta kai haka ba. A da kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage, shanu su shiga su tattake. Kacala ba ta jure wannan. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani ya ƙaru, ga laka na taruwa a hanyoyin ruwa. Abin da ciyawar ke so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Daga Likori ka bi Marma har Nguru, akwai wuraren da na kafa madubi na ƙirga agwagi a fili, yau ko kwalekwale ba ya ratsawa. To in adadin wurin ya faɗi a takarda, tsuntsayen ne suka tafi, ko idon mai ƙirga ne ya daina kaiwa? Sau da yawa duka biyun ne. Shi ya sa nake roƙon duk yaron da ya riƙe fom, kada ya raina layin nan na ƙasa inda ake rubuta yanayin wuri. Ka rubuta yawan ruwa, ka rubuta kashi nawa ciyawa ta rufe, ka rubuta ko akwai hazo, ko masunta sun riga ku shiga sun tashi garken.

Janairu kuwa ba lokacin naka tsuntsayen ba ne. Su 'yan gida ne, kukansu ya fi yawa lokacin da suke neman juna da yin sheƙa, wato daga saukar damina zuwa cikar fadama a Agusta da Satumba. Akwai ma ƙananan kajin ruwa da ke bin damina, su zo da ruwa, yawancinsu su bar wurin kafin sanyi. Kamar shamuwa ke nan, wadda ba za ka taɓa ganin ta a fom ɗin Janairu ba don tana kudancin Afirka a lokacin.

Batun ci gaba, ba zan ɓoye maka ba. Aikin kwanaki ne, alawus ne, babu fansho a cikinsa. Kada ka saki neman koyarwarka. Amma ka riƙe shi a gefe da gaske, ka sayi littafi na musamman da ba ka rubuta komai a ciki sai tsuntsu. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a ƙarƙashin Jami'ar Jos, suna ba da digiri na biyu, kuma su ke tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, wanda kowa zai iya shiga da wayarsa. Yaran da na ga sun yi nisa a harkar nan, ta irin wannan ƙofa suka bi. Sai ka fara cike digirinka na farko.

Ka kuma kula da jikinka. Ruwan nan akwai tsargiya, in ka ga jini a fitsari kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka je asibiti, maganinta sananne ne. Mataccen tsuntsu kuma kada ka taɓa shi da hannu. Mu da muka ga murar tsuntsaye ta 2006 ba ma wasa da wannan.

Bahaɗejiya a Kanada:

Baba ya gama magana a kan Janairu, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena, ni zan amsa maka tambayarka ta farko, don abin da kake nema akwai shi, kuma na yi shi da hannuna. Ina karatu a lardin Saskatchewan, na kuma yi aikin wucin gadi na sauraren tsuntsayen fadama a nan.

Bari in fara gaya maka yadda ƙasar take. Fili ne shimfiɗaɗɗe na alkama da kiwo, ya taso daga Alberta da Saskatchewan da Manitoba a Kanada ya gangara Dakota ta Arewa da ta Kudu har Minnesota da Iowa a Amurka. Ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ta narke kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ta bar ƙananan ramuka miliyoyi. Dusar ƙanƙara na narkewa sai su cika, su zama tafkuna, wani bai fi filin ƙwallo ba, wani da rani ƙafewa yake yi. Kusan rabin agwagin nahiyar Arewacin Amurka a nan ake ƙyanƙyashe su. Agwagin suna da tasu ƙidayar tun 1955, da jirgin sama ake yi a watan Mayu. Sai dai su ma sun daɗe da gane abin da ka gano: jirgi da madubi ba su ganin mazauna cikin ciyawa. Shi ya sa aka fito da tsari daban, wanda wani masani mai suna Courtney Conway ya daidaita, aka buga shi a 2011, kuma yawancin masu wannan aiki a nahiyar a kansa suke ɗora nasu.

Ga yadda ake yi. Tun kafin lokaci ya zo ake zaɓen wuraren tsayawa a bakin fadama, a sa su a na'urar GPS, tsakanin kowane biyu aƙalla mita 400 don kada ka ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ana farawa rabin awa kafin fitowar rana, a tsaya in ta yi awa biyu zuwa uku da fitowa, ko kuma a yi da yamma dab da faɗuwarta. In ka isa wuri sai ka tsaya cik, minti 5 ba ka yin komai sai saurare. Bayan nan ka kunna 'yar lasifika da ke ɗauke da kukan nau'o'in da kake nema. Kowane nau'i minti ɗaya: daƙiƙa 30 na kuka, daƙiƙa 30 na shiru. Ana fara sa kukan ƙanana masu tsoro, a bar na manya zuwa ƙarshe, don kada babba ya sa ƙarami yin shiru. Wanda ke cikin ciyawa yana jin kamar wani ya shigo masa yanki, sai ya amsa. Kai kuma kowane tsuntsu layinsa daban a takarda: a minti na nawa ya yi kuka, ta wane ɓangare, nisansa kamar mita nawa. In iska ta wuce kilomita 20 a awa ko ana ruwa sosai, ba a fita, don kunne ba ya aiki. Kuma kowane wuri sau uku ake zuwa masa a kaka ɗaya, a nan tsakanin Mayu da ƙarshen Yuni.

Wannan maimaitawar ita ce zuciyar abin. Babu mai cewa ya ji duk tsuntsun da ke wurin. Amma in ka je wuri sau uku, ka ji wani nau'i a zuwa na farko da na uku, ba ka ji shi a na biyu ba, ka san yana nan ya yi shiru ne. Daga yawan irin wannan shirun masu lissafi ke gano kashi nawa kunne ke kuskurewa, su gyara adadin. Shi ya sa wurin da ba ka ji komai ba ma dole ka cike masa takarda ka rubuta babu. Sabbin shiga sukan ga kamar ɓata takarda ne, alhali in babu waɗannan shafukan lissafin ba ya tashi.

Wahalar aikin kuwa, a watan Yuni rana na fitowa a nan kafin ƙarfe biyar, don haka ƙarfe uku na dare kana kan hanyar tsakuwa, sallar asuba a gefen mota. Ruwan sanyi ƙarara ko a cikin wandon roba mai kaiwa ƙirji. Sauronsu bai da zazzaɓi irin namu amma ya fi namu yawa, ga kaska a cikin ciyawa, kullum in an dawo sai an duba jiki. Filayen kuma na mutane ne, ba ka taka gonar kowa sai ka nemi izini. Kafin a bar ka ka fita kai kaɗai sai an gwada kunnenka, a sa maka kuka iri-iri ka faɗi mai shi. Akwai wani dangin zalɓe a nan, launin busasshiyar ciyawa, in ya ji motsi sai ya miƙe wuya sama ya daskare, kana kallon wurin ba ka ganin sa. Kukansa kamar an kifa tulu ruwa na fita gulum-gulum. Da asuba daga nesa sosai ake jin sa, kuma na gama kakar nan da shafuka cike da sunansa alhali ganinsa da ido bai taka kara ya karya ba.

Nan ma aikin na lokaci ne. Yawanci ɗalibai ke yi, kaka na ƙarewa kwantiragi ya ƙare. Akwai kuma 'yan sa kai, ƙungiyar Birds Canada ta daɗe tana aiki da su a fadamu. Yanzu an fara ɗaure na'urar naɗar sauti a jikin sanda a bar ta tana ɗauka da asuba da dare, daga baya a saurara a kwamfuta.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka kwafi kalandarsu. Mayu da Yuni nasu ne, mu namu damina ne kamar yadda Baba ya faɗa. Kukan nau'o'in Afirka kuma za ka same su kyauta a shafin xeno-canto, ka nemi waɗanda aka naɗa a Afirka ta Yamma. A ganina ma shekarar farko kada ka kunna komai. Ka zaɓi wurarenka, ka yi sauraren minti 5 ɗin nan, ka naɗa da wayarka, ka tabbatar wane kuka na wane ne. Kai da ka girma kana jin su ka riga ka wuce inda ni na fara.

Manomin Guri:

Salamu alaikum. Ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma gonata tana ƙarƙashin kacalar da kuke magana. Malam Ɗan Baturiya, kai ɗan manomi ne, ka san abin da nake nufi. Gonar da mahaifina ya noma gero da dawa a tudu, shinkafa a gangare, yau ruwa ne a kwance shekara ta zagayo. Ciyawa ta toshe hanyar da ruwa zai wuce, sai ya juyo mana. Wasu can ƙasa kuma suna kukan ruwa bai isa gare su ba. Masunci ya rasa inda zai jefa birgi. Mukan haɗa gayya mu shiga da lauje da adda, ruwa har ƙirji, matsattsaku na cin mutum, mu buɗe hanya, kafin wata 'yan kaɗan ta koma yadda take.

Sannan in ana maganar tsuntsun cikin kacala, mu wanda muka sani shi ne jan baki. A cikinta yake kwana, a cikinta yake hayayyafa. Shinkafa na fara ɗaukar ido sai ya fito da safe kamar hadari ya taso. Yaranmu tun duku-duku suna gona da gwangwani da igiya suna ihu har magariba, makaranta sai an girbe. Rana ɗaya ka yi sake, aikin shekara ya tafi.

Shi ya sa in na ga mota ta zo da madubi ana ƙirga agwagwar Turawa raina ba ya daɗi. Yanzu kuma za a fara ƙirga kazar ruwa. Tsorona, Hajiya, kada gobe a zo da injin share ciyawa wani ya fito da takarda ya ce a bari, gidan tsuntsu ne. Ku gaya mini ba inda abin zai kai ke nan ba.

Bahaɗejiya a Kanada:

Kawu, Allah ya sa albarka a noma, ya mayar da abin da aka rasa. Dangin mahaifiyata manoma ne a wajen Auyo, kukan nan na san shi tun ina yarinya.

Ƙidayar gaskiya tana bayanka ne, ba gaba take yi da kai ba. Tun 1965 wasu masana biyu, Weller da Spatcher, suka nuna a fadamun Iowa cewa tsuntsaye sun fi yawa, nau'insu ya fi yawa, a inda ruwan fili da ciyawa suka yi kusan rabi da rabi, a cakuɗe. In ciyawa ta rufe wuri ruf, agwagi su tafi, tsuntsaye masu kama kifi su tafi, har kajin ruwan ma bakin ciyawa suka fi so, inda take haɗuwa da ruwa, ba tsakiyar duhu ba. A nan ma suna da tasu kacalar, wata ruwa-biyu da ke mamaye tafki ta kori sauran tsirrai. A da wani babban ɓeran ruwa da ke yanke ta yana gina ɗaki, da shanu, da fari mai busar da tafki, su ke rage ta. Kuma suna da nasu jan bakin: wasu baƙaƙen tsuntsaye masu ja a kafaɗa da ke kwana a cikinta su fito su cinye gonakin sanfulawa a Dakota ta Arewa. A farkon shekarun 1990 ma'aikatar gona ta Amurka ta fara feshin ciyawar layi-layi don a farfasa makwancinsu, ba a kashe ta duka ba. Ban ce a kawo feshi fadamar da mutane ke sha suna kamun kifi ba. Abin da nake nufi, buɗe hanyoyin ruwa alheri ne ga manomi da masunci da tsuntsu gaba ɗaya. In ƙanena ya yi aikinsa da kyau, takardarsa za ta iya nuna abin da ya faru kafin a share wuri da bayan an share.

Manomin Guri:

To in haka ne babu laifi. Amma ya riƙa rubuta inda jan baki ke kwana shi ma, tunda da asuba zai fita zai ga inda suke tashi. Masu feshi in sun zo sukan yi ta tambayar mutane, wani ya ce nan wani ya ce can.

Ɗan Baturiya:

Na gode ƙwarai, Baba da Yaya da Kawu, Allah ya saka da alheri. Kawu, na karɓa, zan ware shafi don makwancin jan baki, mu ma bara sun taɓa mu.

Na karanta wa mahaifina abin da kuka rubuta, ya ce in je wurin sarkin ruwanmu kafin komai. Na je. Ashe tsohon ya fi ni sanin kukan nan nesa ba kusa ba. Ya ce 'yar baƙar mai jan ƙafa ba ita kaɗai ke kuka ba, mace da namiji ne ke haɗa baki, ɗaya ya fara ƙyatƙyata ɗaya ya rufe da gurnani, don haka in na ji wannan in san biyu ne. Ya kuma gaya mini mai dogayen yatsun nan da ke tafiya a kan ganyen bado, namijin ne ke kwanci, kuma in ya ji tsoro yakan kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su ƙafafunsu na reto. Na duba a littafin da shugaban tawagarmu ya bar mini, haka yake a rubuce. Ya yarda ɗansa ya riƙa tura ni in ruwa ya cika, don ba zai yiwu in riƙe gwangwala in riƙe biro ba.

Abin da na tsara shi ne in fara da saukar damina. Zan zaɓi wurare a gefen gaɓa inda ƙafa ke kaiwa, da wasu a kan hanyar masunta, rabi a inda kacala ta rufe, rabi a inda aka sara ko bado ya fi yawa. Wayata tana nuna wuri a taswira, zan auna tazarar da ita. Matsalata ɗaya: wurin da nake tsayawa da ƙafa a Yuli, a Satumba ruwa ya shanye shi, bakin fadamar ma ya matsa. In bi bakin ruwan ne, ko in tsaya a inda na fara? Kuma lasifikar nan, in shekara ta zagayo, wace iri zan nema?

Tsohon Ma'aikacin Fadama:

Ka tsaya a inda ka fara, ɗana. In ruwa ya shanye wurin ka je masa da kwalekwale, ka rubuta zurfinsa a ranar. Ka yi wa gwangwalarka alama da wuƙa taki-taki, ita ce ma'auninka. In ka riƙa bin bakin ruwa, duk zuwa sabon wuri kake aunawa. Kuma in kun isa ku ba wurin ɗan lokaci ya lafa kafin ka fara duba agogo, ƙarar kwalekwale a jikin ciyawa na sa su yin shiru. Yaron da ke tura ka ya san ba a magana, ba a tari in da hali.

Lasifika kuwa ƙaramar nan ta Bluetooth da ake sayarwa a kasuwar Haɗeja ta isa, muddin ita ɗaya za ka riƙa amfani da ita kuma ba ka canza ƙarfin sautin. 'Yata ta Kanada za ta gyara mini in na kauce, amma abin da na sani a tsarin nasu ana so sautin ya kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 zuwa 90 in an auna daga mita ɗaya, kuma akwai manhajar waya da ke auna wannan. Sai dai ina da sharaɗi biyu. Kada ka kunna ta a gaban masu ɗana tarko da maharba. Kajin ruwan nan ana cin su, ana kai su kasuwa, in aka ga kuka na fito da su bakin ciyawa, kai ka koya wa mutane hanyar kama su. Kuma kada ka wuce daƙiƙa 30 ɗin da aka faɗa don kana son ka gan shi da ido, mai kwanci in ya bar ƙwai yana neman abokin faɗa, hankaka da guza na jira.

Ka sanar da jami'an gandun Baturiya kafin ka fara, ka nuna musu littafinka, don kada a gan ka da asuba cikin ciyawa a ɗauke ka mafarauci. In ana shirin kawo injin share hanya a yankinku, ka roƙi bulama ya gaya maka da wuri, ka samu ka saurari wurin kafin a taɓa shi. Kowane ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan ka tura wa shugaban tawagarku da 'yata ta Kanada, littafi a kwalekwale ba ya da tabbas.